Kwalaben Malam Nababa

Duk wanda ya zauna a Jikwoyi a shekarun da kuɗin mai suka cika gari ya san Malam Nababa. Ko bai san sunansa ba, ya san kularsa. Shuɗiyar kula ce mai farin murfi, irin wadda ake zuba ƙanƙara, kullum tana rataye a kafaɗarsa daga bakin masallacin unguwa har tashar mota. 'Yan unguwa da yawa sun ɗauka fura yake sayarwa. Ina! Ma'aikacin gwamnati ne sukutum, mataki na huɗu, kuma abin da ke cikin kular nan kwalabe ne goma sha biyu, wankakku, kowace da 'yar takarda manne a gefenta. Aikinsa ya bi rukunin gidajen ma'aikata ya ɗebo ruwan famfo, ya kai ɗakin gwaji a duba ko ɗan Adam zai iya sha. A gidansa kuwa babu famfo. Unguwarsu ba ta san ruwan gwamnati ba sai na 'yan ga-ruwa, kuma ba a taɓa aiken sa ya gwada wannan ba.

Haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, ɗan mahaƙin rijiya. Ya gama firamare ya yi noma damina da yawa, har ya yi aure. A farkon shekarun tamanin, da labari ya cika ƙauyuka cewa ana gina sabon birni a tsakiyar ƙasa kuma wai kuɗi har taka su ake yi, sai ya hau bayan tifa ya taho. Bai tarar da kuɗi a ƙasa ba. Daji ya tarar da duwatsu da katafila, aka miƙa masa diga. Shekara shida yana haƙar ramin bututu, har wani injiniya ya lura cewa shi kaɗai ne leburan da ke wanke hannu kafin ya taɓa bakin bututu, kuma bai taɓa tafiya gida da guntun ƙarfe a buhu ba. Irin wannan mutum a wurin aiki abin mamaki ne, ba a san ma inda za a ajiye shi ba. Aka rasa yadda za a yi da shi, aka ba shi kula.

Nababa mutum ne mai kunya, irin kunyar da yanzu ko a ƙauye sai an tona. Ba ya cin abinci a titi. Ba ya ɗaga ido ya dubi matar wani. Sannan yana da wata doka da ba wanda ya kafa masa: ba ya shiga gidan da maigidan ba ya nan, ko da Musulmi ne ko Kirista, ko da matar gidan da kanta ta ce ya shigo. To aikin gwamnati kuwa daga ƙarfe takwas ne zuwa huɗu, daidai lokacin da duk wani maigida da ke rukunin gidajen ma'aikata yake ofis yana karanta jarida.

Ƙa'idar aikin ta ce mai ɗiban samfur shi zai shiga da kansa. Zai ƙona bakin famfo da auduga da sifirit, ya bar ruwa ya zuba minti biyu, sannan ya tara kwalba. A ƙasan fom ɗin akwai layi guda da Turanci, ma'anarsa ita ce, ni da kaina na ɗebi ruwan nan daga bakin famfo. Inda famfon waje ne ko na ofis, Nababa yana bin ƙa'idar nan ɗaya bayan ɗaya kamar alwala. Inda kuwa famfon yana cikin kicin, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya juya kai gefe, ya miƙa kwalba ya ce a taimaka a cika masa. Shekara goma sha tara yana haka yana sa hannu a layin nan, kuma ko sau ɗaya bai ji a ransa cewa ƙarya yake yi ba. Ƙafarsa ce ta je, kwalbarsa ce aka cika, kuma me zai sa matar aure ta yi masa ƙarya a kan ruwa? A ofis ba wanda ya taɓa tambaya, domin ba wanda ya taɓa bin sa ya gani.

'Yarsa ta fari, Nafisa, tana aure a Kwatas ɗin Tudun Alheri, can bayan Jabi. Benaye ne masu hawa biyu da aka gina wa ma'aikata, a lokacin kuma gwamnati ta fara sayar da su ga mazauna ciki. Mijinta Tawfiq jami'i ne a wata ma'aikata, mai digiri, mai natsuwa, mai ladabi, aibinsa ɗaya: ya yi imani da takarda. In dai akwai hatimi a kanta, ko cewa ta yi rana daga yamma take fitowa, zai tsaya ya yi nazari.

Nababa bai taɓa taka cikin gidan nan ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, sai dai ya ce “yarinyar nan”. Ranar sunan jikarsa Amatullah a ƙarƙashin rumfar waje ya zauna, ya yi addu'a, ya tashi ko lemo bai sha ba. Sai dai duk kunyar da yake wa uwar, a kan jikar yake fanshewa. Duk Lahadi ana kawo ta Jikwoyi. Yana kiran ta amaryarsa, ita kuma tana jan gemunsa tana zazzage masa aljihu. In tana nan, sai matarsa Azumi ta ce to, yau tsohon nan ya samu bakin magana.

Da daminar shekarar dubu biyu da shida ta yi nisa, ruwan Tudun Alheri ya fara sauya kamanni. Da fari ya yi launin shayin da ba a sa wa madara ba. Daga baya ya ƙara da wari, irin warin da mutum ba ya buƙatar ɗakin gwaji kafin ya san daga ina ya fito. Mazan kwatas suka yi taro, suka rubuta takardar koke shafi huɗu da Turanci mai nauyi, Tawfiq ne ma sakatare. Matan suka koma sayen fiya wata jaka-jaka, wadda ba ta da hali ta dafa na famfon.

Takardar ta yi yawo kuwa. Masu kula da ruwa suka ce nasu ya ƙare a bakin get, abin da ke ciki na masu gidaje ne. Masu gidaje suka ce ai sun sayar. Masu sayarwa suka ce gini suka sayar, ba su sayar da abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Aka nemi ɗan kwangilar da ya shimfiɗa bututun, aka tarar ya zama babban mutum, yanzu ba a neman sa sai dai shi ya nemi mutum. Gari kuwa a lokacin ko'ina sabon titi ne da sabon bene, motoci sababbi fil suna jere a ƙofar kowane ofis, ba za ka ce kuɗin gyaran bututu ɗaya ne ya gagara ba. Ba kuɗi ne babu ba, mai bututun ne ba a samu ba. Bayan wata uku fayil ɗin ya faɗo teburin Oga Leonard, shugaban sashensu Nababa, ya rubuta layi ɗaya da koren biro: a ɗebo samfur.

Wata Talata da hantsi Nababa ya isa kwatas da kularsa. Gida goma sha biyu aka zaɓa masa, na bakwai a jerin gidan 'yarsa ne. Mazan da suka rubuta koken duk suna ofis, kuma ba wanda ya tuna ya gaya wa matarsa me ake nema a kwalbar.

A nan ne aka yi abin da aka yi. Matar gida na farko ta buɗe famfo ta ga abin da ya fito, ta dubi takardar da ke jikin kwalbar ta ga lambar gidanta da sunan mijinta, wanda ake sa ran zai zama mataimakin darakta. A kai wannan ƙazanta ofis da sunansa? Ta zubar, ta fasa fiya wata biyu ta cika. Ta biyu ta ji an ce gwamnati ce, gabanta ya faɗi, domin lokacin rusau ne, duk gidan da aka shafa wa jan fenti ya tafi. Ta ɗebo daga tukunyar da ta dafa da asuba. Wata dattijuwa, uwar maigida, ta ce ita tunda take ba ta taɓa miƙa wa baƙo gurɓataccen ruwa ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. Kowace da dalilinta, amma tunaninsu ɗaya: ai ruwan kwatas duk ɗaya ne, kwalbar maƙwabciya ma ta isa shaida.

Da ya zo lamba bakwai bai ko yi sallama da ƙarfi ba. Ya ajiye kwalbar a kan dakali, ya ƙwanƙwasa, ya ja da baya ya juya yana kallon wata bishiyar mangwaro. Nafisa ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa wa bishiyar. Ta shiga kicin ta tara kwalbar, warin ya daki hancinta. Sai ta tuna hannun da zai ɗauki kwalbar nan, hannun da ya yi shekaru yana haƙar rami don ta yi makaranta. Ta ji ba za ta iya ba. Ta wanke kwalbar tas, ta cika da ruwan leda, ta goge da tsumma mai tsabta ta ajiye masa.

Ranar Juma'a sakamako ya fito. Madam Naomi, mai gwajin, ta daɗe tana juya takardar.

“Baba Nababa,” ta ce, “wannan ruwa naka ya fi na gidan manya kyau fa. You sure na Tudun Alheri ne?”

“Ƙafata ce ta je, Madam,” in ji shi. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Oga Leonard bai taɓa son Nababa kamar ranar ba. Har kujera ya nuna masa. Aka rubuta wa mazauna kwatas cewa bincike na kimiyya ya tabbatar ruwansu lafiya lau yake, launin da suke gani ɗan tsatsa ne da ba ya cutarwa, warin kuma wataƙila daga kwatamin gidajensu ne, don haka a kula da tsabta. Aka buga hatimi biyu, aka haɗa da kwafin fom goma sha biyu, kowanne da sa hannun Nababa. Aka rufe fayil.

Tawfiq ya karanta wasiƙar sau biyu a tsaye. Ya dubi tulin jakunkunan fiya wata da ke bayan ƙofa, ya ce wa matarsa daga yau an gama wannan wahala. Gwamnati ta gwada, kuma ba wani ne ya ɗebo ba, Baba ne da kansa, ga sa hannunsa. Nafisa ta shiga lissafi a ranta. Ta san abin da ke cikin kwalbarta, amma ai ɗaya ce cikin goma sha biyu. In sauran goma sha ɗaya sun fito lafiya, to ashe ruwan lafiyarsa ƙalau, hancinta ne ke da tsegumi. Haka kowace mace a gidajen nan goma sha biyu ta yi wannan lissafi a ranta ta samu natsuwa. Aka koma tara ruwa a bokiti ya kwanta, a tace da ƙyalle, a sha.

Kwana goma sha shida bayan wasiƙar, Amatullah ta fara gudawa da amai. Ba ita kaɗai ba, yara bakwai aka kwantar daga kwatas ɗin a mako guda, amma ita ce ƙarama, shekararta biyu da wata huɗu. Da Nababa ya je asibiti ya leƙa ta taga bai gane ta ba da farko. Idanun sun faɗa, an ɗaure hannun da katako ana ƙarin ruwa. Ya shiga ya ce, “Amarya,” a hankali. Ta dube shi ba ta miƙo hannu ga gemun ba. Ya fita ya zauna a bencin baranda.

Bayan la'asar Nafisa ta fito. Azumi tana zaune a gefensa. Yarinyar ta durƙusa a gaban uwarta, ba ta dubi inda yake ba, ta yi magana yadda zai ji.

“Inna, ki gaya wa Baba, ruwan da na ba shi ran nan ba na famfo ba ne. Na leda ne. Na ji nauyin in miƙa masa wancan.”

Azumi ta yi salati. Nababa bai motsa ba. Can ya tambayi matarsa, shi ma bai dubi 'yar ba, “Sauran gidajen fa?”

Ba wanda ya sani. Washegari Azumi ta yafa mayafi ta shiga kwatas gida-gida da sunan gaisuwa. Abin da mace ba za ta faɗa wa gwamnati ba, za ta faɗa wa 'yar'uwarta mace a kan tabarma. Kafin azahar ta dawo tana lissafawa da yatsu: bakwai na leda, huɗu dafaffe, ɗaya na gora mai tsada da aka ajiye don baƙi.

“Malam,” ta ce, “ko ɗigo na famfo ba ka kai musu ba.”

Ya so ya ji haushin matan nan, ya nema ya rasa. Me suka yi? Sun ga dattijo a bakin ƙofa sun mutunta shi. Shi ne ya tsaya a waje. Shi ne ya sa hannu.

Da sassafe ya nemi Tawfiq ya ce ya kai shi gidan nasu na kwatas. Surukin ya buɗe ƙofa ya koma gefe, yana jiran a miƙo masa kwalba. Sai ya ga tsohon ya cire takalmi. Nababa ya yi bisimilla ya shiga, idonsa a ƙasa, bai dubi kujeru ba, bai dubi hotunan bango ba, ya tambayi ina kicin. Ya ƙona bakin famfon, ya buɗe, ya tsaya yana duban agogo. A minti biyun nan warin ya cika ɗakin. Kusa da wurin wanke-wanke akwai wani ɗan kofin roba ja mai hannu biyu, irin na yara. Ya tara kwalbarsa ya rufe. Kunya ta lulluɓe shi, amma ba kunyar shiga gidan 'ya ba ce. Kunyar shekara goma sha tara ce, da duk gidajen da ya tsaya a ƙofarsu yana kallon bishiya.

Bayan kwana biyu Madam Naomi ta kira shi cikin ɗakin gwaji ta tura ƙofa.

“Baba Nababa, wannan ba ruwa ba ne. Bututun masai ya fashe ya haɗu da na sha, shi ne mutane suna sha.” Ta rage murya. “Amma ka sani, in na rubuta, za su tambaye ka. Saura wata nawa ka yi ritaya?”

“Takwas.”

“To ka yi tunani.”

“Rubuta, Madam.”

Oga Leonard ya jera takardun biyu a teburinsa, tsohuwa da sabuwa. Wannan karon bai nuna kujera ba.

“Nababa, takarda biyu, hannu ɗaya. Wannan ya ce clean, wannan ya ce poison. Wanne ne ƙarya?”

“Ranka ya daɗe, ta farko.”

“Ka san abin da kake faɗa? File ya rufe. Na aika report sama, an yaba mana. Yanzu kana so in ce office ɗina ya yi mistake?” Ya jingina da kujera. “Ofis ba ya mistake, Nababa. Mutum ne yana yi. In kana so in karɓi wannan sabon, sai ka rubuta da hannunka cewa kai ne ka yaudari gwamnati. In ba haka ba, ɗauki kwalbarka ka je gida, wata takwas kamar gobe ne.”

A gaskiya ba mugun mutum ba ne Oga Leonard. Hanya ya ba shi, kuma a ganinsa alheri ya yi masa. Nababa ya roƙi aron biro. Ya zauna a bencin masinjoji ya rubuta da Turancinsa na firamare, shafi ɗaya da rabi, bai ɓoye komai ba. Bai ambaci sunan mace ko ɗaya ba.

Wanda ya ce gwamnati ba ta da sauri bai ga abin da ya biyo baya ba. Koken mutum ɗari uku ya yi wata uku yana yawo, amma takardar Nababa kwana huɗu ta yi aka kafa kwamiti, kwana tara kwamitin ya gama zama, har da shan shayi. An samu mai laifi, kuma abin daɗin ma mai laifin yana mataki na huɗu. Aka kore shi daga aiki, korar da ba fansho a bayanta. Aka fitar da sanarwa cewa daga yau duk mai ɗiban samfur dole ya shiga kicin. Game da bututun kuwa, kwamitin ya ce ba ya cikin abin da aka ɗora masa. Amma don kare lafiyar jama'a, aka aika mutum biyu da sifana suka rufe babban makunnin ruwan Tudun Alheri ruf, har sai an gano wanda ke da alhakin gyara. Da haka aka magance matsalar gurɓataccen ruwa a kwatas, tunda yanzu babu ruwan. A ƙarshen shekara Oga Leonard ya karɓi lambar yabo ta ɗaukar matakin gaggawa.

Yaran bakwai duk sun tashi, Allah ya taƙaita. Amatullah ce ta fi daɗewa. An sallame ta, amma ta rame ta ƙi abinci, sai an yi da gaske take karɓar cokali biyu na kunu. Kowace safiya Azumi tana buga waya ta tambaya, Nababa yana daga gefe yana gyaran rediyon da ba abin da ya same shi.

A kwatas kuwa sunansa ya ɓaci. Ka hau bene hawa biyu da jarka a kai sau shida a rana, ka ga ko za ka yi wa wanda ya jawo maka addu'a. Masai ba ruwan korawa, wanki ya taru, 'yan ga-ruwa sun gano hanya sun ninka farashi. Waɗanda suka sayi gida don su sayar suka ga ba mai tayawa. Matan da suka cika masa kwalba da hannunsu su ne kan gaba wajen cewa tsohon nan ya cika shisshigi. Da ruwan nan da babu, ai gara da shi, in ji su, ko ba komai ana wanki.

Wata Asabar da hantsi motoci uku suka shigo layinsu a Jikwoyi, suna tangal-tangal a cikin kwazazzabai. Shugaban ƙungiyar mazauna kwatas ne, Alhaji Lukmanu, da mutum huɗu. Na ƙarshen fitowa Tawfiq ne, da fayil a hammata, kansa a sunkuye. Nababa ya shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida.

Bayan doguwar gaisuwa Alhaji Lukmanu ya gyara zama.

“Malam Nababa, alheri ne ya kawo mu. Mun zauna da Oga Leonard, mun samu mafita da za ta yi wa kowa daɗi. Ga takarda nan an riga an buga. Cewa kawai za ka yi samfur na biyu ka ɗebe shi cikin ɗimuwa, jikarka tana kwance, ba ka bi ƙa'ida ba. Shi ke nan sakamakon farko ya tsaya. A buɗe mana ruwa ranar Litinin, kai kuma a mayar da korarka ritaya, ka ci fanshonka. Mu ai yanzu mun san halin ruwan, dafawa za mu riƙa yi.”

“Da gyaran bututun fa, Alhaji?”

“Ana kan magana. Ka san gwamnati.”

Ya san ta kuwa, ya yi mata aiki shekara ashirin da biyar. Ya san in takarda ta ce ruwa lafiya lau, ba mai sake haƙa rami don ya gyara lafiyayyen abu. Ya kuma san wata ukun farko za a dafa, na huɗu a ce kananzir ya yi tsada.

Aka zunguri sakatare. Tawfiq ya matso a durƙushe ya ajiye takardar a gaban surukinsa, da biro a kai. Nababa ya ɗauka ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa. An rubuta ta da kyau, ba kuskure ko ɗaya, har an ja masa layin da zai sa hannu. Daga bayan labulen zaure yana jin numfashin Azumi. Buhun masarar da ke ɗaki ya kai rabi, kuma akwai yara biyu a sakandare. Ya daɗe yana riƙe da biron.

Sannan ya ɗago ya dubi Tawfiq a ido, abin da bai taɓa yi ba tun ranar ɗaurin aure.

“Amaryata, jiya ta ci abinci?”

Tawfiq ya ce, “Ta ci, Baba. Har ta nemi ƙari.”

Nababa ya gyaɗa kai. Ya rufe biron, ya ɗora a kan takardar, ya tura su gaban Alhaji Lukmanu.

“Ku yi haƙuri, Alhaji. Ku mayar wa Oga takardarsa. Na bi ƙa'ida a na biyun.”

Aka yi lallashi, aka yi wa'azi, wani ma ya ɗaga murya ya ce talaka da taurin kai ba ya ƙarewa da kyau. Tsohon bai sake taɓa biron ba. Da suka gaji suka tashi, ba wanda ya yi masa sallama ta kirki. Tawfiq ne kawai ya tsaya a baya, ya durƙusa har ƙasa sannan ya bi su.

Da ƙarar motocin ta ɓace Azumi ta fito ta fara naɗe tabarma. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

“To, Malam,” ta ce, “yanzu me za mu ci?”

“Ban sani ba, Azumi.”

Bai sani ba ɗin kuwa. Shekararsa sittin, ba gona, ba sana'a, bayansa ba zai ƙara ɗaukar diga ba, kuma tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba tun zuwansa garin nan. Ya zauna a dakali yana kallon layi har rana ta take. Can ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa ta buga wa yarinyar nan waya, ta tambaya me aka ba amaryarsa jiya da har ta nemi ƙari, a sake dafa mata irinsa yau.